Tabarma da kujera: yaushe ake zama, yaushe ake tashi a wurin buki?

Katin gayyata yana faɗin kusan komai. Yana jero sunayen iyalan da suka haɗu, tun daga na Maraɗi da Tasawa har zuwa na Kano da Abijan da Makka, yana faɗin rana da unguwa da ƙofar gidan da za a shafa fatiha, yana kuma faɗin lokaci, wanda in mutum ya makara da minti 10 sai ya tarar ana watsewa. Abu guda ne ba a rubutawa a ciki, wato inda baƙo zai zauna idan ya iso, da lokacin da ya kamata ya miƙe, da wanda zai miƙe dominsa. Alhali kuwa a nan ne ake samun yawancin ɓacin ran da ke biyo bayan buki. Ba a cika jin wanda ya riƙe mai buki a zuci don shinkafa ba ta ji mai ba. Amma dattijon da aka tayar daga kujera a bainar jama'a domin a zaunar da wani direkta da ya zo a makare, wannan ba ya mantawa, ƴaƴansa ma ba sa mantawa. A gari irin Maraɗi ko Damagaram, inda ciniki ke tafiya bisa amana da ganin girman juna, irin wannan ƙaramin abu yana iya rufe ƙofar bashi, ya kashe hulɗar da aka yi shekara 20 ana ginawa.

Tushen rikicin shi ne, ladabi iri biyu ne suka haɗu a ƙarƙashin rumfa ɗaya, kuma kowanne yana yi wa ɗan'uwansa kallon rashin tarbiyya. A tarbiyyar Bahaushe ta gado, wanda zai girmama wani ƙasa yake yi. Yaro ba ya tsaya wa babba a ka. Yakan tuɓe takalmi, ya rage tsawo, ya tsuguna ko ya durƙusa, sannan ya yi gaisuwa. Mace takan durƙusa har ƙasa a gaban surukanta, kuma ba wanda ke ganin ta ƙasƙanta, tun da an ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Wanda ya tsaya ƙiƙam yana magana da dattijon da ke zaune, an gama yanke masa hukunci tun bai rufe baki ba. A tarbiyyar lakkwal kuwa, mai girmamawa sama yake yi. Tun daga ajin farko an koya wa ɗan lakkwal ya miƙe da zarar mushe ya shigo, kada ya zauna sai an ba shi izini. Ya girma ya shiga biro ya tarar haka ake yi wa shef, haka ake yi wa perfe da minista, haka ake yi wa tuta da taken ƙasa. Saboda haka idan babban mutum ya iso wurin buki, sai a ga ma'aikacin gwamnati ya zabura ya miƙe yana gyara riga, ɗan kasuwa na kusa da shi kuwa ya zame daga kujera ya yi ƙasa. Dukansu biyu girmamawa suke nufi, kuma kowannensu yana mamakin ɗayan.

Akwai ma kashi na uku. Bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, da ƙungiyoyin addini suka yawaita, wa'azin Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ya yi ƙarfi a Maraɗi da sauran garuruwan kan iyaka, sai aka sami samari da yawa, har da manyan alhazai, waɗanda ba su yarda da durƙuso ba, ba su kuma yarda da miƙewa don wani ba. Su dai a yi sallama, a yi musafaha, kowa ya nemi wuri. A farkon al'amari wannan ya raba ɗa da uba a gidaje da dama. Yau an saba, amma saban bai hana tsofaffi ƙirga wanda ya rusuna da wanda bai rusuna ba.

Abin da kujerar roba ta kawo

Da can, a tabarma ake ɗaura aure, a zaure ko a ƙofar gida ko a masallacin unguwa. Tabarma tana da nata tsarin daraja, amma ba da tsawo take auna shi ba. Ana gane matsayin mutum ta wurin kusancinsa da liman, da kuma irin shimfiɗar da aka yi masa: wannan buzu, wancan darduma, saura tabarmar kaba. Kan kowa dai a jere yake da na ɗan'uwansa, talaka da attajiri. Da masu hayar bashe da kujerun roba suka shigo cikin harkar buki, sai aka sami abin da ba a taɓa tanadar masa ladabi ba, wato yaro ɗan shekara 25 a bisa kujera ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana latsa waya, malamin da ya karantar da ubansa kuwa yana ƙasa a kan tabarma, kusa da takalminsa. Yaron bai yi nufin raini ba, kujera ya gani babu kowa ya zauna. Laifin na wanda ya jera kujerun ne dab da shimfiɗar malamai.

Daga baya kuma aka ƙara wani mataki. Ana fito da manyan kujerun ɗaki masu laushi a jera su a sahun gaba, wani lokaci har da kafet da teburin ruwan sanyi, domin manyan baƙi. Ke nan an sami hawa uku a wuri ɗaya: tabarma, roba, da kushin. Duk wanda ya iso, kafin ya yi sallama idonsa ya riga ya auna inda aka ajiye shi, ya kuma auna inda aka ajiye abokin gasarsa na kasuwa. Wannan sahun gaba shi ne ya fi kowane abu haddasa rigima, domin kullum masu ganin sun cancanci zama a cikinsa sun fi kujerun yawa.

Minti biyar da ba a tashi a cikinsu

Duk tsawon hidimar buki, da lalle da kaɗe-kaɗe da girke-girke na kwana da kwanaki, abin da ke mayar da wance matar wane bai wuce ƴan mintoci ba. Liman ya buɗe da salati, wakilin ango ya nemi aure, waliyyin amarya ya bayar, wakili ya karɓa, a ambaci sadaki, a faɗi ko an biya lakadan ko da saura ajalan, a tuna wa dangin miji nauyin ci da sha da sutura da wurin kwana, a tambayi jama'a ko sun shaida, sannan a yi addu'a a shafa fatiha. A wannan ɗan lokaci ƙa'ida ɗaya ce, kuma ba ta da togiya: kowa ya zauna, kowa ya yi shiru. Mutum ɗaya ne ke da izinin tsayuwa, shi ne sanƙira ko mai riƙe da lasifika, wanda aikinsa shi ne ya maimaita da ƙarfi abin da waliyyi da wakili suka faɗa a hankali, domin na nesa su ji.

Wannan ba maganar ladabi kaɗai ba ce, maganar shari'a ce. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, littafin da kusan duk almajirin ilimi a ƙasar nan ya ratsa ta cikinsa, ta kafa aure bisa waliyyi da sadaki da shaidu biyu adilai, ta kuma ce mafi ƙarancin sadaki shi ne rubu'in dinari, wato zinariya gram 1 da ɗan ɗoriya. Shaida kuwa ba ta yiwuwa sai da ji. Taron mutum 500 da suka cika titi amma ba wanda ya ji adadin sadaki, bai kai darajar mutum biyu da suka zauna kusa suka saurara ba.

Amfanin wannan sai ranar da ba a fata yake fitowa. Idan zama ya ƙi daɗi, mace ta nemi hul'i, abin da aka saba nema ta mayar shi ne sadaki, ba kuɗin gaisuwa ba, ba kayan akwati ba, ba abin da aka kashe wa maroƙa ba. A nan ne gardama ke tashi a gaban mai unguwa ko a fadar sarki, ko a ofishin Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar da aka kafa a 1974, ko a gidan shari'a inda mai shari'a ke zama da masana al'ada. Dangin miji su ce jikka 200 suka bayar duk sadaki ne, dangin mata su ce jikka 50 kaɗai aka ambata, sauran kyauta ce. Sai a ce a kawo waɗanda suka halarci ɗaurin auren. A zo da mutum, ya rantse yana wurin, amma a lokacin da ake faɗin adadi shi yana tsaye yana miƙa hannu wajen mai rabon goro.

Wannan rabon goro da dabino da alawa shi ne babban abokin gabar shiru. A gidajen da suka san abin da suke yi, ko dai a raba tun kafin liman ya fara, kowa yana zaune a inda yake, ko kuma a riƙe har sai an shafa. Inda aka saki yara da faranti a tsakiyar siga, to an gama: sahun baya ya miƙe, na tsakiya ya miƙe don kada a wuce shi, muryar waliyyi ta nutse. Abin kunya ne a ga magidanci mai shago uku a kasuwa yana ture-ture a kan ƙullin dabinon da bai kai dala 20 ba, amma ana gani kowane mako.

Abu na biyu mai karya shirun shi ne babban baƙon da ya iso bayan an fara. Motoci su tsaya, a ji ƙarar ƙofofi, mai gida ya zabura, rabin taro ya miƙe, a shiga neman kujera. Wani limamin yakan dakata har a natsu, wani yakan ci gaba cikin hayaniya. A nan babu wani abin tattaunawa: wanda ya tarar an fara siga, ko minista ne, ya tsaya daga gefe ko ya zauna inda ya sami wuri, har a shafa fatiha, sannan a yi masa duk tarbar da ake so. Babban da ya san girmansa shi da kansa yake ɗaga hannu ya hana a tashi. Shi kuma mai gida da ya bar waliyyin ƴarsa da magana a baki ya ruga tarbar mai muƙami, ya nuna wa surukansa tun ranar farko abin da ya fi daraja a wurinsa.

Mai lura zai ga cewa mutum biyu da abin ya fi shafa galibi ba sa cikin da'irar. Ango yana can gefe ko a wani gida tare da abokansa, domin kunyar surukai ba ta barinsa ya zauna gwiwa da gwiwa da su. Uban amarya ma sau da yawa yakan bar wa wansa ko ƙanensa ko amininsa waliccin, musamman in ƴar fari ce, shi kuwa ya koma can baya kamar baƙo. Wanda bai san wannan ba sai ya matsa masa da “Alhaji, taso ka dawo gaba mana”, yana ganin karramawa yake yi, alhali kunya yake tona masa. A bar shi inda ya zaɓa.

Abin da malamai suka ce game da miƙewa

Gardamar miƙewa don wani ba a Maraɗi ta fara ba. Imam Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya wallafa ɗan littafi yana halatta a miƙe wa ma'abota ilimi da daraja don girmamawa, ba don riya ba. Ibnul Hajji, malamin Malikiyya da ya rasu a Masar a 1336, ya bi hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya yana mayar da martani a cikin Madkhal. Masu halattawa suna kafa hujja da umarnin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bai wa mutanen Madina su tashi zuwa ga shugabansu Sa'adu ɗan Mu'azu, da kuma yadda yakan tashi ya tarbi ƴarsa Faɗimatu. Masu hanawa suna cewa Sa'adu yana da rauni a lokacin, an tashi ne a taimaka masa ya sauka daga abin hawa. Suna kuma kawo ruwayar Anas cewa sahabbai ba sa miƙe wa Annabi don sun san ba ya so, da gargaɗi mai tsanani da ya zo a kan wanda ke jin daɗin mutane su tsaya masa.

Ibn Rushd kaka, alƙalin Ƙurɗuba da ya rasu a 1126, ya raba al'amarin gida huɗu, kuma rabonsa ya fi sauƙin aiki a wurin buki. Haramun ne a miƙe wa mai son a miƙe masa don girman kai. Makaruhi ne a miƙe wa wanda ake tsoron abin zai shiga ransa. Ya halatta a miƙe don kyautatawa ga wanda ba ya nema. Abin so ne kuma a tashi a tarbi wanda ya dawo daga tafiya, ko a taya wanda ya sami alheri murna, ko a yi wa mai rashi ta'aziyya. Ke nan tashi a je a yi wa ango da iyayen amarya barka bayan an shafa fatiha yana cikin kashi na ƙarshe, haka ma tarbar dangin da suka kwana a hanya daga Agadas ko Zariya.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Maratta, cikin jihar Tawa ta yanzu, ya ɗauko abubuwa da yawa daga Madkhal, kuma ya soki al'adar zuba ƙasa a ka a gaban sarakuna da sunan gaisuwa. Wato masu ƙin wuce iyaka a gaisuwa suna da magabata a cikin ƙasar nan, tun kafin zuwan Izala da nisa.

Amma akwai wurin da malaman duka suka haɗu, kuma shi ne wurin da masu buki suka fi saɓawa. Buhari da Muslim sun ruwaito hani a kan a tayar da mutum daga mazauninsa wani ya zauna. Abin da aka yi umarni da shi shi ne a matsa a yalwata, kamar yadda aya ta 11 ta Suratul Mujadala ta koyar. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya tashi daga wurinsa ya dawo, shi ya fi cancanta da shi. An kuma ruwaito cewa sahabbai sukan zauna ne inda majalisa ta ƙare. Saboda haka yaron gidan buki da ke zuwa ya dafa kafaɗar tsoho ya ce “Baba, ɗan koma baya, manya sun zo”, ba al'ada kaɗai ya taka ba. In saurayi ya ga dattijo a tsaye ya tashi da kansa ya ce “Baba, bismilla ga wuri”, wannan kyauta ce ya yi, kuma ana yaba masa. Kyauta daban, ƙwace daban.

Idan sarki ya zo

A bukin manyan gidaje akan sami Sarkin Damagaram, ko Sarkin Katsinan Maraɗi, ko Sarkin Gobir na Tsibiri, ko wani sarkin kanto, ya halarta da kansa. A nan tsarin fada ne ke aiki, kuma ya haɗa ladabin nan biyu a jere. Da an ji algaita jama'a kan miƙe a buɗe hanya. Dogarai su baza manyan rigunansu su kare shi har ya zauna ya daidaita, sannan kowa ya zauna. Mai zuwa gaisuwa ya tuɓe takalmi, ya yi ƙasa, ya yi jinjina, ya ce “Ranka ya daɗe”, dogarai su amsa masa a madadin sarki. Ba a miƙa wa sarki hannu sai in shi ya fara miƙowa, kuma ba a tsayawa a kansa ana ba shi labari. Ma'aikacin da ya saba da gaisuwar biro yakan yi tuntuɓe a nan, ya taho da hannu a miƙe tun daga nesa, dogari ya tare shi, ya koma yana jin an wulaƙanta shi, alhali ba a yi masa komai ba sai abin da ake yi wa kowa.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne wakili. Idan sarki ko gwamna ya aiko wani a madadinsa, mazaunin wanda ya aiko shi ake ba shi, ko da yaro ne a shekaru, domin rigar da ya sanyo ba tasa ba ce. Shi ma wakilin ya kamata ya tuna aro ya yi: ya gaida dattawa kamar yadda shekarunsa suka hukunta, kafin ya hau kujerar da aka tanada.

A meri da coci

Ma'aikatan gwamnati da ƴan kasuwar Yamai sukan sami gayyata zuwa auren meri, na waɗanda suka zaɓi a ɗaura musu bisa dokar farar hula da aka gada daga Faransa. Tsarinsa gajere ne. Ana miƙewa idan magajin gari, ko jami'in da ke riƙe da meri, ya shigo da ɗamararsa mai launin tuta, domin a lokacin hukuma yake wakilta; ana zama idan ya ba da izini. Yakan karanta ayoyin doka da suka shafi haƙƙin miji da mata, sannan ya nemi ango da amarya su miƙe su amsa da bakinsu, su sa hannu tare da shaidunsu. Baƙo ba shi da wani aiki sai bin abin da jami'in ya ce.

A coci, ko ta Katolika ko ta masu bishara irin waɗanda ke Maraɗi da Tsibiri da Galmi, jama'a kan miƙe idan amarya ta shigo, su zauna lokacin wa'azi. A Katolika ana tsayawa idan za a karanta Linjila, akwai kuma wuraren da ake durƙusawa. Musulmin da ya je taya abokin aikinsa murna yana iya miƙewa da zama tare da jama'a, amma ba a jiran ya durƙusa, in sun durƙusa shi sai ya zauna shiru. Kuma ba ya shiga layin karɓar jibi, wannan na mabiya ne kaɗai. Haka shi ma Kiristan da ya zo fatiha, ba wanda ke tilasta masa ɗaga hannu, zamansa cikin natsuwa ya wadatar.

Shigowar amarya da zaman iyaye mata

Shagalin dare da ake yi a zauren haya ko a otel, da farar riga da gato da mai gabatarwa, baƙon abu ne da aka aro gaba ɗayansa. Farar rigar ta yaɗu ne a Turai bayan auren Sarauniya Biktoriya ta Ingila a 1840. Miƙewa don shigowar amarya ma daga can ya zo: a Ingila da Amurka uwar amarya ce kan fara tashi, sauran jama'a su bi ta, ba a zama sai mai ɗaura auren ya ce a zauna. Da aka kawo abin nan, sai mai gabatarwa ya riƙa ɗaukar lasifika yana cewa kowa da kowa ya miƙe ga amarya da ango. Kowa da kowa ɗin nan kuwa ya haɗa da gwaggo da inna da kishiyoyin uwa, matan da suka yi wa amaryar wankan jego. A gidan Bahaushe uwa ba ta tashi don ƴarta ta shigo, uwar da ma kunya ke hana ta kiran sunan ƴar fari. Abin da ya dace shi ne ƙawaye da abokai da sa'o'i su miƙe su yi tafi, iyaye su zauna, ango da amarya kuma su ratso su rusuna a gabansu kafin su hau kujerarsu ta ado. Mai gabatarwar da ya san aikinsa yakan faɗi haka a fili, don kada wata tsohuwa ta rasa yadda za ta yi, ta miƙe da ciwon gwiwa saboda tsoron a ce ba ta son auren.

Da an zauna kuma sai wata tsayuwar ta taso, ta masu ɗaukar hoto da waya. Mutum 30 su kewaye amarya kowa hannu a sama, waɗanda aka gayyata su zauna ba abin da suke gani sai bayan riguna. Liƙi ma haka: wanda zai yi ya fito, ya yi, ya koma mazauninsa, ba ya kafe a fili yana jiran maroƙi ya ƙare kirarin kakanninsa.

A cikin gida, wajen mata, tsohon tsari bai gushe ba. Baƙuwa ba ta zama sai an nuna mata wuri. Idan dangin ango suka iso da kaya, masu gida ne ke tashi su ba su shimfiɗa mafi kyau da inuwa, su kawo ruwa kafin a fara magana. Amarya a lulluɓe take a zaune, ba ta tashi don kowa, kuma ba a ɗaukar wannan raini. Sai lokacin da za a kai ta sallama da iyaye ne take durƙusawa ta saurari nasiha. Inda ake bukatar hattara shi ne mazaunin uwargida, idan miji ne ke ƙara aure. Matar da ta danne zuciyarta ta fito cikin jama'a, aka bar ta tana neman wuri a bakin ƙofa, an shuka abin da amarya ce za ta girbe shi shekara da shekaru.

Saura lokacin tafiya. A ƙarshen mako, musamman kafin azumi da bayan sallar layya, ɗan kasuwa ɗaya yana iya samun fatiha uku a safiya guda, a unguwa uku. Mai irin wannan hali kada ya karɓi kujerar gaba, ko an matsa masa. Ya zauna a bakin rumfa inda zai zame ba tare da ya tsallaka kan kowa ba, kuma kada ya motsa sai an shafa. Tashi a tsakiyar addu'a, a gaban waliyyai, ana iya fassara shi da cewa mutum bai yarda da haɗin ba, kuma akwai masu jiran su fassara shi haka. Wanda ya san ba zai iya jira ba, gara ya aika ɗansa ko yaron shagonsa ya zauna a madadinsa, shi kuwa ya zo da yamma ya yi barka.

Shi kuma mai buki, mafi yawan wannan rigima yana iya kashe ta tun daren jajibiri. Ya nisanta kujeru daga shimfiɗar malamai, ya ware biyar ko shida a gefe waɗanda ba za a bari kowa ya hau ba tun farko, domin masu zuwa a makare. A bakin rumfa kuma kada ya sa yara. Ya sa magidanta biyu ko uku waɗanda suka san fuskokin gari, suka san wane ne kawun amarya na Madarunfa da ya zo cikin tsohuwar riga, suka kuma san waɗanne alhazai biyu ne ba a haɗawa a sahu ɗaya tun rigimar da suka yi a kan fili.